Ranar Sakin Linzami Ga Mai Neman Rage Ƙiba

Akwai wata muhawara da ta daɗe tana yawo a ɗakunan kwanan ɗalibai da ofisoshin gwamnati, tun daga Birnin Kebbi har Aliero da Sakkwato, musamman a tsakanin samari da 'yan matan da likita ya gargaɗa, ko kuwa madubi ya gaya musu gaskiya, cewa jikinsu ya soma yi musu nauyi. Muhawarar kuwa ita ce, shin ya dace wanda ya ɗaura niyyar rage ƙiba ya ware rana guda a cikin mako wadda zai ci duk abin da ransa ya raya masa, sa'an nan washegari ya koma kan ƙa'ida? Wannan dabara daga Turai da Amurka ta zo mana ta cikin wayoyin da ke hannunmu, kuma sunan da masu ita suka raɗa mata, in an juya shi da Hausa, shi ne ranar ha'inci. Mu a nan za mu kira ta ranar sakin linzami. Ra'ayinmu kuwa, tun kafin mu yi nisa, shi ne ɗan Diggi ko ɗan Gwandu ba shi da bukatar ƙago wa kansa irin wannan rana, gama kalandar garinsu ta riga ta cika da su maƙil.

Mun san wani zai ce, wane irin rashin ta-ido ne a zauna ana zancen rage ƙiba, alhali kuwa kowa ya ga tsadar abincin da ta biyo bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuma ga ɗalibai da yawa suna bin tsarin nan na sifiri-ɗaya-sifiri ba da son ransu ba. Maganarsa tana kan hanya. Sai dai ya tuna cewa a ƙasar nan yunwa da ƙiba gida ɗaya suke kwana, domin abin da ya fi araha wajen cika ciki shi ne tsaba da mai da sukari, kuma su ne ke gina tumbi. Akawun da ya yi kwana ashirin yana shan garin kwaki shi ne dai zai yi kwana goma yana ramuwa da tsire da lemon kwalba da zarar albashi ya shigo.

Bari mu fara da inda tumbin ya samo asali. Iyayenmu na Diggi da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Kalgo manoma ne, kuma kowa ya san yadda manomi ke ci. Zai sha fura cike da ƙwarya da hantsi, ya zauna gaban malmalar tuwo da dare, kuma ba ya tashi sai ya ga ƙasan akushi. Amma duk abin nan da ya ci, gona takan karɓe shi kafin rana ta faɗi. Mu 'ya'yansa da aka sa boko mun gaji akushin, fartanyar kuwa mun bar ta a rataye. Muna zama a aji ko a ofis tun safe har azahar, mu hau babur in za mu je inda ƙafa za ta kai mu cikin minti goma, sa'an nan mu ƙara wa tuwon gado abubuwan da kakanninmu ba su sani ba, irin su shayi mai kauri da burodi, da taliyar 'yan yara da ƙwai huɗu da tsakar dare. Daɗin daɗawa, in tumbin ya fito, murna ake yi mana, a ce wane ya ji daɗi, aiki ya karɓe shi. Ba a daina murnar sai ranar da aka auna jini aka ce ya hau, ko aka ce sukari ya yi yawa.

To, mai neman rage ƙiba lissafi ne a gabansa, kuma lissafin ba shi da wuya. Masana abinci suna auna ƙarfin da ke cikin abinci da ma'aunin da ake kira kalori, kuma sun ƙiyasta cewa kilo guda na kitsen jiki yana ɗauke da kalori wajen 7,700. Wanda ya rage kalori 500 daga abincinsa na kullum, daga Lahadi zuwa Jumma'a, ya tara 3,000 ke nan a kwana shida, abin da bai kai rabin kilo ba. Yanzu a dubi abin da Asabar guda za ta iya yi wa wannan ɗan tari. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko man ja yana da kalori kimanin 120, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai tuyar waina ya san ba da cokali take zuba mai a tanda ba. Kwalbar lemo ta rabin lita tana ɗauke da sukari wajen giram 50, watau kalori 200 ko sama da haka, kuma wannan shi ne kusan iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa kada babban mutum ya wuce shi a yini ɗungurungum. Giram 100 na soyayyar gyaɗa, abin da mutum zai watsa a baki yana taɗi bai ma lura ba, ya haura kalori 550. A haɗa waina da safe, dafa-duka da soyayyen nama da rana, lemo uku, cincin da dubulan a tsakani, balangu da dare, sai a tarar ribar kwana shida ta tafi kafin a yi sallar lisha. Masu iya magana sun ce wake ɗaya shi ke ɓata gari. Tafiyar sa'a guda a ƙafa kuwa, wadda wasu ke cewa za su yi ranar Lahadi don su wanke laifin, da ƙyar take ƙone abin da ya wuce kwalbar lemo ɗaya.

Masu goyon bayan ranar sakin linzami ba su rasa hujja ba, kuma adalci ne a kawo ta. Sukan ambaci wani bincike da aka yi a Ostareliya, wanda Farfesa Nuala Byrne ta jagoranta, aka buga shi a 2018. An ɗauki maza 51 masu ƙiba aka raba su kashi biyu. Kashin farko sun rage sulusin abincinsu har mako 16 a jere. Kashi na biyu kuwa sukan rage na mako biyu, su huta na mako biyu, har suka cika mako 16 na ragewa a cikin mako 30. A cikin waɗanda suka bi ƙa'idar har ƙarshe, masu hutawa sun zubar da kilo 14, masu yi a jere kuwa kilo 9. Wannan sakamako ne mai kyau, babu musu. Amma sai a tambaya, wane irin hutu suka yi? A makonnin hutun nan ana auna musu abinci ne daidai da bukatar jikinsu, yadda ba za su ƙaru ba kuma ba za su ragu ba. Babu wanda aka kai gidan biki aka ce masa bisimilla. Haka nan wani binciken da Rita Coelho do Vale da abokan aikinta na Fotugal da Holan suka buga a 2016 ya nuna cewa masu ranar rangwame sun fi samun ƙwarin gwiwar ci gaba, kuma sun rage nauyi kamar sauran. Sai dai a can ma an ƙulle lissafin tun farko: wasu suna cin kalori 1,500 kullum, wasu kuma 1,300 na kwana shida da 2,700 a rana ta bakwai, jimillar kowa 10,500 a mako. Watau rangwamen nan an riga an biya kuɗinsa kafin a ci shi. Abin da ake tallata mana a waya kuwa rana ce marar awo, daga asuba zuwa barci, kuma ba mu ga inda waɗannan masana suka ba da izinin haka ba.

Akwai kuma wani abu da ya fi lissafi haɗari, shi ne halin zuciya. A 1975 wasu masana halayyar ɗan Adam guda biyu a Amurka, Peter Herman da Deborah Mack, suka gayyaci ɗalibai mata a kan cewa za su ɗanɗana askirim su faɗi ra'ayinsu. Kafin a kawo askirim ɗin, sai aka ba wasu daga cikinsu kaɗaɗɗiyar madara mai sukari suka sha. Waɗanda ba ruwansu da ƙayyade abinci, da suka sha madarar, sai suka ci askirim kaɗan, domin cikinsu ya cika. Amma masu takatsantsan da abinci, da suka ga sun riga sun karya ƙa'ida, sai suka ci fiye da 'yan'uwansu masu takatsantsan da ba a ba madarar ba. Wannan hali ba baƙo ba ne a wurinmu. Shi ne abin da mukan ce, tun da an jiƙa, bari a yi wanka. Ranar sakin linzami kuwa koyar da zuciya wannan hali take yi sau ɗaya kowane mako. Tana raba abinci gida biyu, na azaba da na daɗi, ta sa mutum ya yi kwana shida yana mafarkin rana ɗaya, har tuwon dawa da miyar kuka da ya tashi da su su koma masa kamar horo. Sunan ma da aka ba ta ya isa abin dubawa. Ha'inci sai da wanda ake ha'inta, kuma a nan mai shago da ɓarawo mutum ɗaya ne.

Yanzu mu zo ga abin da ya sa muka ce wannan dabara ba don mu aka ɗinka ta ba. Baturen da ya ƙago ta galibi shi kaɗai yake cin abincinsa, ko shi da matarsa, kuma shi ke da iko da tukunyarsa kwana bakwai a mako. In bai ware wa kansa ranar shagali ba, mai yiwuwa ne wata guda ya wuce ba wanda ya miƙa masa ko loma. Mu kuwa fa? A ɗauki ma'aikaci ɗan Diggi da ke aiki a sakatariya a Birnin Kebbi, a ƙirga masa wata ɗaya kacal bayan kaka, lokacin da amfanin gona ya shigo gida aka buɗe fagen aure. Wannan Asabar ɗaurin auren abokin karatunsa ne a Kalgo, ta gaba na ƙanwar abokin aikinsa ne a Gwandu ko Jega, a tsakani ga suna, ga walimar saukar karatu, ga wanda aka ƙara wa girma a ofis ya kawo kaji. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan da shinkafarsa da wainarsa da kiret ɗin lemonsa. Mu Kabawa kuwa ba a yi mana gorin shinkafa, tun ma kafin a zo Birnin Kebbi a ƙaddamar da shirin ba manoma rance a watan Nuwamba na 2015. In mutumin nan ya ɗora wa wannan jeri wata ranar tasa ta musamman kowace Lahadi, to kwana nawa suka rage masa na ƙa'ida?

Ba mu ma taɓo babbar ba tukuna, watau zuwa gida. Duk wanda ya taɓa rage ko kilo uku ya shiga gidansu ya san kallon da Inna za ta yi masa, ta riƙe haɓa ta ce, "Mi as same ka a Birni ka lalace hakanga?" Kafin ya ba da amsa an aika a sayo nono, an fiɗe zakara, gwaggo ta aiko da nata kwanon, matar kawu ta aiko da nata, kuma kowane kwano za a duba a ga yadda ya dawo. A wurinsu rama alama ce ta ciwo ko ta damuwa, ciyarwa kuwa ita ce harshen da suke faɗin ƙauna da shi. Ɗan da ya tura kwanon mahaifiyarsa gefe ya ce shi yana bin tsarin likita, ya jawo wa kansa magana, a ce boko ya sa shi ƙyamar abincin gida. Mu a ganinmu wannan ɓacin rai ya fi kalori 800 tsada, kuma ba mu ba kowa shawarar ya saye shi. Saboda haka in akwai rangwamen da mai rage ƙiba zai yi wa kansa, to ya adana shi domin irin wannan wuri, inda cin yake da ma'ana, ya daina ɓarnatar da shi a teburin mai shayi shi kaɗai da wayarsa.

Watan azumi ma ya isa ya koya mana wani abu game da wannan, gama gwaji ne da muke yi wa jikinmu kowace shekara. A 2019 wasu masana na Jami'ar Sidni suka tattara bincike guda 70 da aka yi a kan masu azumin Ramadan a ƙasashe dabam-dabam, suka tarar cewa a matsakaici mutum kan rage abin da ya ɗan haura kilo guda a watan, kuma nauyin kan soma komawa inda ya fito cikin mako biyu zuwa biyar bayan Salla. Kwana 29 ko 30 na kame baki, 'yan makonni na shagali sun share su. Wanda ya ga yadda faranti ke cika da ƙosai da soyayyen dankali da kunu mai sukari da zarar an kira magariba ba zai yi mamaki ba, domin da yawanmu mun mai da kowane dare na watan ya zama ƙaramar ranar sakin linzami. Babbar Salla kuwa ba a magana. Ranar Idi rana ce ta ci, har an hana yin azumi a cikinta, kuma babu mai hankalin da zai tsaya auna nama a ranar. Matsalar tana cikin soyen da aka tara a roba, wanda ake tsinta safe da yamma har mako uku.

In wani dattijo ya ce kula da nauyin jiki bidi'ar 'yan boko ce, sai a tuna masa cikin ladabi cewa Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ke nan Gwandu, yana da littafi mai suna Masalihul Insani, wanda tun daga cikakken sunansa ya haɗa maslahar addini da ta jiki. Kuma kowane ɗan makarantar allo ya ji karantarwar nan ta raba ciki kashi uku, na abinci da na ruwa da na numfashi. Ba mu taɓa jin malamin da ya ce an ɗauke wannan awo ranar Asabar ba.

Abin da muke ganin ya fi dacewa da mu shi ne a sauko da rangwamen daga yini zuwa zama guda, kuma a bar zumunci ya zaɓi ranar. Mutum ya dubi makonsa tun ranar Lahadi, ya san inda aka gayyace shi, ya zaɓi wuri ɗaya da zai ci ya more ba tare da jin ya yi laifi ba. Sauran wuraren ya je ya yi addu'a, ya taɓa abinci don girmama masu gida, ya nemi ruwa maimakon lemo, domin ba mu taɓa jin an yi fushi da baƙo saboda ya ƙi kwalba ta biyu ba. A gidan Inna ya ci tuwonsa ya yaba miya, ya raba sauran kwanonin da ƙannensa, waɗanda dama jira suke yi. Kada ya wuni da yunwa don ya tara wa bikin wuri, gama wanda ya isa gaban tire da yunwar sa'a goma ba shi ne zai yi awo ba. Haka kuma kada ya yi wa kansa horon yunwa washegari. Ya koma kan abincinsa na kullum tun daga karin kumallo, kamar ba a yi komai ba. Abincin na kullum ɗin ma ya zama wanda zai iya rayuwa da shi shekara da shekaru, tuwo madaidaici da miya mai yawan ganye, wake, kifi, zogale, rama, fura ba sukari. Wanda ya ɗora wa kansa tsarin da ba ya iya ɗauka sai da ranar tserewa, to tsarin ne ke bukatar gyara.

Wani abu kuma da ke karya gwiwar mutane shi ne hawa sikeli washegarin biki. Mutum ya ga ya ƙaru da kilo ɗaya da rabi a dare guda, sai ya ce aikin banza yake yi, ya watsar da komai. Alhali kuwa mafi yawan wannan nauyi ruwa ne da abincin da bai gama wucewa ba. Jiki yakan adana sukarin da ya samu daga shinkafa da waina a hanta da tsoka, kuma kowane giram guda yana riƙe ruwa wajen giram uku, ga gishiri da magin miyar biki su ma suna riƙe nasu. Kafin a tara kilo guda na kitse na gaske sai an ci kalori dubu bakwai da ɗoriya a kan bukatar jiki. A ba shi kwana uku, zai sauka.

Duk wannan magana da muke yi, da masu lafiya muke yi. Wanda aka riga aka tabbatar masa da ciwon sukari ko hawan jini, nasa lissafin dabam ne, domin sukarin jini ba ya jiran ƙarshen mako a yi masa jimilla. Yini guda na lemo da alkaki da nakiya yana iya kwantar da shi a asibiti, musamman in yana shan magani ko yana yin allura. Irin wannan ɗan'uwa likitansa ne zai faɗa masa iyakarsa, mu kuwa abokansa aikinmu shi ne mu daina cewa da shi, haba, na yau kaɗai. Haka nan duk wanda ya lura cewa in ya fara ci ba ya iya tsayawa, ko yana ɓuya ya ci, ko yana tilasta wa kansa amai bayan ya ci, to abin nasa ya wuce zancen tsarin abinci, ya nemi likita, kuma wannan ya shafi maza kamar yadda ya shafi mata.

Muna da ɗan ƙorafi kuma a kan ƙungiyoyinmu na ɗalibai, tun daga na jiha har na ƙananan hukumomi. Ba a yin taron maraba da sababbin ɗalibai ko na ban kwana da masu fita sai an jibge kiret-kiret na lemo, har ya zama da yawan kwalabe ake auna ƙoƙarin shugabanni. Kuɗin kiret biyar zai sayi kankana da lemon zaƙi da ruwan sanyi da za su wadaci zauren, a dafa zoɓo a kawo sukarinsa a gefe, kowa ya zuba gwargwadon abin da yake so. Muna roƙon sakatarorin walwala su gwada haka a taro na gaba, su ga ko wani zai tashi ya fita.